Babi na Bakwai: An Ba Ni Kafin Alƙalami, Zan Iya Ci Gaba da Nuna Gidan?

Duk wanda ya taɓa sa gida a kasuwa ya san wannan tambayar, ko da bai furta ta ba. Mai saye ya zo, ya zagaya ɗakuna, ya leƙa rijiya, ya taya, an ja an ja har an daidaita a kan kuɗi. Sai ya ce yana so, amma da sharaɗi: sai rancensa ya fito, ko sai ya sayar da filinsa na Bukuru, ko sai lauyansa ya gama duba takardu. Ya ajiye wani abu ya tafi. Bayan kwana uku wayarka ta yi ƙara, dillali ne. "Baba, ina tare da wani mutum daga Abuja, kuɗinsa a hannu, yana son ganin gidan yau ɗin nan." To, ka buɗe masa ƙofa ko ka ce an riga shi?

Amsata ita ce kana iya buɗewa, amma da sanin mai sayen farko, da wa'adin da kuka yanka tare, kuma wanda ya zo na biyu ya ji gaskiyar halin da ake ciki tun yana bakin ƙofa. In ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, nuna gidan ya zama mafarin rigima.

Me ya sa ake yawan sharaɗi a Vom

Vom gari ne na ma'aikata da ɗalibai. Tun 1924 Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa take nan, ga kwalejojin tarayya biyu da ke jingine da ita, ga kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta Jihar Filato, ga tsohon asibitin mishan, ga kuma Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Kuru da aka kafa a 1979 nan kusa. Mutanen da ke neman gida a irin wannan wuri yawancinsu masu albashi ne. Mai albashi kuwa da wuya ya zaro miliyoyi a zama ɗaya. Ko yana jiran rance daga ƙungiyar adashin wurin aikinsa, ko yana jiran kuɗin sallamarsa na ritaya, ko ya cike takardun Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, ake cirar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci ana zubawa, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma yake ba da rance daga cikinsa. Duk waɗannan hanyoyi ne na gaskiya, amma babu wadda mai saye zai iya rantse maka da ranar fitowarta.

Wani sharaɗin kuma daga wajen mai gidan yake fitowa. Filaye da yawa a ƙasar Vom na gado ne, na iyalan Berom, kuma kotunan Najeriya sun daɗe da tsayar da cewa filin iyali ba ya sayuwa sai da yardar shugaban gida da manyan 'yan uwa. Saboda haka sau da yawa za ka ji mai sayarwa da kansa yana cewa, "Na yarda da kuɗin, amma bari yayana ya dawo daga Legas mu zauna." Shi ma sharaɗi ne.

Jira kuma yana da tsada. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin 100 a shekara. A irin wannan yanayi, mutumin da ya sallama gida a kan naira miliyan 18 ya zauna jiran wata shida, abin da kuɗin za su saya masa na siminti da kwano ya ragu da fiye da miliyan 2, bai ci ba bai sha ba. Saboda haka ba na ganin laifin mai gida in zuciyarsa ta motsa da ya ji an ce ga mai kuɗi a hannu. Wataƙila kuɗin asibiti yake nema, ko na makarantar yara, ko yana son kammala ginin da zai koma. Damuwarsa ta gaske ce, kuma duk shawarar da ta ce masa ya rufe ƙofa ya yi ta jira har illa masha Allahu ba ta yi masa adalci ba.

A wane mataki kuke?

Kafin ka amsa wa dillali, tsaya ka tantance inda maganarku da mai sayen farko ta kai, domin matakai uku ne, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko, magana ce kawai. Ya taya, ba ka ce ka sallama ba, babu takarda, babu ko kwabo. Nan gidanka yana kasuwa kamar yadda yake jiya. Nuna wa kowa.

Na uku, wanda na tsallako gare shi don shi ma ba ya bukatar dogon bayani, shi ne an biya kuɗi duka, an sa hannu, abin da ya rage shi ne amincewar hukuma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce mai takardar mallaka ta gwamna ba zai miƙa haƙƙinsa ga wani ba sai da amincewar gwamna, filin da ke ƙarƙashin mallakar gargajiya kuma yana bukatar amincewar ƙaramar hukuma. Kotun Ƙoli ta nuna ƙarfin wannan doka a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989, sannan a 1995, a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe, ta bayyana cewa ba laifi ba ne a ƙulla yarjejeniya tun kafin amincewar ta fito. Wasu masu gidaje suna fakewa da wannan giɓin, su ce ai gwamna bai sa hannu ba tukuna, gidan nasu ne har yanzu. Wannan ba hujja ba ce. Wanda ya karɓe kuɗin gida cif ba shi da abin da zai nuna wa kowa, kuma in ya karɓi na wani a kai, maganar ta bar hannun dillalai ta koma ta 'yan sanda.

Matakin tsakiya shi ne namu. An daidaita a kan kuɗi, an ajiye wani abu, amma cinikin yana rataye da wani al'amari da bai faru ba tukuna. Gidan bai fita daga hannunka ba, amma kuma hannunka ba a sake yake ba.

Abin da rasit ɗin ya ce

A nan ne mutane da yawa suke ɗaure kansu ba su sani ba. Mai saye ya turo miliyan 3, mai gida ya yago takarda daga littafin ɗansa na makaranta ya rubuta cewa ya karɓi miliyan 3 daga cikin kuɗin gida miliyan 18, saura miliyan 15, shaidu biyu suka sa hannu. Babu rana, babu sharaɗi, babu abin da zai faru in sauran kuɗin ba su zo ba. A zuciyar mai gida, ɗan kamu ne aka ba shi don ya jira. A idon lauyan mai saye kuwa, ciniki ya faɗa, an biya wani ɓangare, saura cikon kuɗi. Kotunan ƙasar nan suna bambanta kuɗin da aka ajiye don nuna da gaske ake da kuɗin da aka biya a matsayin kashin farko na cinikin da ya riga ya ƙullu, kuma abin da aka rubuta da yadda aka yi mu'amala su alƙali zai duba. In ya gamsu cewa ciniki ya ƙullu, yana iya tilasta wa mai gida ya cika shi, ko da ya riga ya yi wa wani alkawari.

Mai saye na biyu ma ba tsira ya yi ba. In ya san akwai wani a gabansa ya rufe ido ya biya, da wuya kotu ta saurari kukansa. In kuma ɓoye masa aka yi, mai gida ya tara wa kansa masu ƙara biyu a kan gida ɗaya. Shari'ar fili a Najeriya tana iya cin shekaru, kuma duk tsawon lokacin gidan yana tsaye, ba mai iya sayensa, damina tana cin rufinsa.

Ciniki a kan ciniki

Tun kafin a zo ga kotu, akwai abin da muka taso muka tarar. Hadisi ya hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, kamar yadda ya hana neman aure a kan neman wani. Kwatancin ya dace ƙwarai. Yarinyar da ba a tsayar wa kowa ba, masu so suna iya zuwa. Amma ranar da aka karɓi kuɗin gaisuwa aka sa rana, uban da ya ci gaba da karɓar baƙi a zaure a ɓoye ya zubar da girmansa, ko da na bayan ya fi dukiya.

Imam Malik ya fayyace iyakar hanin a cikin Muwaɗɗa. A fahimtarsa, babu laifi mutane da yawa su taya kayan da aka sa a kasuwa, domin in an ce da zarar mutum ɗaya ya taya kowa ya janye, masu kaya za su cutu. Hanin yana farawa ne lokacin da mai kaya ya karkata ga mai saye, suka shiga maganar sharuɗɗa da yadda za a biya. Wato daidai matakin tsakiyar nan da muke magana a kai.

Malaman mazhabarsa ba su bar mai gida a rataye ba. Sun halatta cinikin zaɓi, wanda ake ba mutum lokaci ya yi shawara ko ya bincika, amma suka ce dole lokacin ya zama sananne kuma daidai da kayan. A Mukhtasar na Khalil, wanda ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato, wa'adin gida kamar wata guda ne. A kan kafin alƙalamin da ba a mayarwa in an fasa kuwa, Malikawa sun hana, Hambalawa sun halatta, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi kuma a zamanta na Brunei a 1993 ta halatta shi da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. Duk inda ka juya, maganar wa'adi kake tararwa.

Mafi yawan mutanen Vom Kiristoci ne, kuma ban ga inda koyarwarsu ta saɓa da wannan ba: mutum ya tsaya a kan maganarsa, kada ya zama mai baki biyu. Musulmi da Kirista suna saye da sayarwa da juna a ƙasar Jos kullum, kuma a yankin da ya sha wahalar rikici, cinikin gida ɗaya da ya lalace tsakanin mutum biyu yana iya ɗaukar launin da ba nasa ba. Wannan kaɗai ya isa a yi taka-tsantsan.

Yadda wasu ƙasashe suka warware

A Ingila, amincewa da tayi ba ta ɗaure kowa sai ranar da lauyoyi suka yi musayar takardun da aka sa wa hannu. Kafin ranar, mai gida yana iya karɓar tayin da ya fi, mai sayen farko ya tashi a tutar babu bayan ya kashe kuɗin lauya da na masu duba gini. Doka ta ƙyale, amma mutanen can kansu suna kuka da abin. Ba tsarin da zan so mu kwaikwaya ba ne.

Na Amurka da Kanada ya fi kusa da abin da zai amfane mu. A can, idan mai saye ya ce sai ya sayar da tsohon gidansa, ana yawan rubuta wani sharaɗi a cikin yarjejeniyar: mai gida zai ci gaba da nuna gidan, in ya sami wani tayin da ya gamsar da shi sai ya sanar da na farko a rubuce, shi kuma yana da ɗan lokaci, galibi awa 48 ko 72, ya janye sharaɗinsa ya tabbatar da cinikin, ko ya karɓi kuɗinsa ya ba da wuri. Kowa ya san matsayinsa tun ranar farko. Babu abin da zai hana lauya a Jos ko Bukuru ya rubuta maka irin wannan. Sai dai awa 72 ta yi kaɗan ga ma'aikacin da zai bi ƙungiyar adashi da 'yan uwa ya harhaɗa kuɗi. Mako ɗaya ko biyu ya fi dacewa da mu.

Abin da za a rubuta

Takardar ba ta bukatar tsawo. Ta faɗi sharaɗin da sunansa, ba a dunƙule ba: rance daga wuri kaza, ko sakamakon binciken takardu a ma'aikatar filaye da ke Jos, ko sa hannun 'yan uwa su wane da wane. Ta faɗi ranar da wa'adi zai cika, da kwanan wata. Ta faɗi ko mai gida zai ci gaba da nuna gidan a cikin wa'adin, da kwana nawa za a ba mai sayen farko in wani ya fito. Sannan ta faɗi makomar kuɗin da aka ajiye in ciniki bai yiwu ba.

A kan wannan na ƙarshen ina da ra'ayi mai ƙarfi. Kada mai gida ya taɓa kuɗin. Mafi yawan rigimar da ke biyo bayan fasa ciniki ba a kan gidan take ba, a kan kafin alƙalamin da aka riga aka cinye take. Mutum ya karɓi miliyan 3, ya biya kuɗin makaranta, ya sayi takin dankali, rance bai fito ba, mai saye ya dawo neman kuɗinsa, sai a ce ya jira a sami wani mai sayen. Daga nan mai gida ya shiga nuna gidan ido rufe, yana neman kuɗin wani ya biya wani. A bar kuɗin a hannun lauya, ko a asusun da ba a taɓawa, har ranar da magana ta tabbata.

Mai saye yana da damar ya ce bai yarda a nuna wa kowa ba. In haka ne, sai ya biya wannan da wani abu: gajeren wa'adi, ko kafin alƙalami mai kauri. Ba daidai ba ne ya kulle gidan mutum wata huɗu da naira dubu 200.

Ranar da na biyu ya zo

A ce an yi duk wannan, dillali ya iso da baƙonsa da yamma, sanyin Vom ya fara sauka. Kafin a sa makulli a ƙofa, mai gida ya yi magana da bakinsa, kada ya bar wa dillali.

"Ranka ya daɗe, sannu da hanya. Kafin mu shiga, akwai wanda muka yi magana da shi, ya ajiye wani abu, wa'adinsa zai cika ƙarshen watan gobe. In ka gani ya yi maka, kai ne na biyu. In ya cika kuɗin, nasa ne."

"To Baba, in na ƙara miliyan 2 a kan nasa fa?"

"Sai na sanar da shi, kamar yadda muka rubuta. Yana da kwana 10. In bai iya ba, zan kira ka da kaina."

Wani zai juya ya shiga motarsa, kuma ba a yi asara ba. Wanda ya tsaya kuwa ya ga irin mutumin da zai yi ciniki da shi.

Daga nan a nuna masa gidan kamar yadda aka nuna wa na farko, har da aibinsa: tabon yoyo a silin ɗin ɗakin baya, tsagar da ke bangon kicin, rijiyar da ke ja baya a watan Maris, iyakar fili ta wajen shingen ƙerana inda maƙwabci yake da magana. A wannan yanki da aka yi shekaru ana haƙar kuza, in akwai tsohon rami ko tafki kusa, a kai shi ya gani da idonsa. Abu biyu ne ba a yi. Ba a karɓar ko sisi daga hannunsa, ko da ya ce na riƙe masa layi ne. Ba a kuma ba shi kwafin takardun gida ya tafi da su. Ya bar lambar waya, ya isa.

In akwai 'yan haya a gidan, kamar yadda gidajen Vom da yawa suke cike da ɗalibai, a sanar da su tun da wuri. Sun biya kuɗin ɗakinsu, ba daidai ba ne a riƙa banko musu ƙofa da baƙi duk ranar da dillali ya ga dama. A tsayar da rana ɗaya a mako.

Sai dillalai. Al'adarmu ce mai gida ya ba mutum huɗu ko biyar gida ɗaya, kowanne da yaransa, kowanne yana hangen la'adarsa ta kashi 5 ko 10 cikin 100. Dillalin da bai kawo mai sayen farko ba ba shi da abin da zai samu in cinikin ya tabbata, don haka kada ka yi mamaki in shi ne ya fi kowa kawo maka labarin mai kuɗi a hannu. Akwai na kirki da yawa a cikinsu, amma tsarin ne yake tura su. Ranar da ka karɓi kafin alƙalami, kira su duka ka gaya musu, ka kuma aika musu saƙo a rubuce ta waya don ya zama shaida. Wanda zai kawo baƙo bayan haka ya san layi na biyu yake kawo shi.

In wa'adi ya cika

Ranar ta zo, kuɗi ba su zo ba. Kada ka yi shiru ka ɗauka magana ta mutu da kanta. Rubuta wa mai sayen farko, ta hannun lauya in da hali, cewa wa'adi ya cika. In ya nuna maka takardar da ke tabbatar da cewa rancensa yana hanya, kuma kana da halin jira, ƙara masa mako biyu abu ne mai kyau, amma shi ma a rubuta da sabuwar rana. In ba haka ba, a mayar masa da abin da yarjejeniya ta ce a mayar, a gaban shaidun da suka sa hannu tun farko, ya rubuta cewa ya karɓa kuma ba shi da sauran haƙƙi a gidan. Sai wannan takardar ta shiga hannunka za ka kira na biyu ku buɗe sabon ciniki.

Shi kuma na biyun, in mai wayo ne, zai nemi ganin takardar kafin ya ajiye nasa kuɗin, sannan ya kafa nasa sharaɗin, wanda kusan kullum shi ne binciken takardun gida. Wannan binciken shi ne aikin babi na gaba: abin da ake tambaya a ofishin filaye a Jos, abin da ake tambayar mai unguwa da hakimi, da yadda mai saye zai gane ko wanda ke tsaye a gabansa yana da ikon sayar da gidan tun asali.